Tauraro Ɗaya a Shafin Auta

A ɗakin da ke saman shagon tayar Baba akwai tebur biyu. Babban na Yaya ne, a bakin taga inda iska ke shigowa. Ƙaramin na Auta ne, a bayan ƙofa, duk wanda zai shigo sai ya bugi kujerarta. A nan su biyun suke wuni suna gyaran hotunan kayan sayarwa na mutanen da ba su taɓa gani ba: jakunkuna, tabarau, kwalaben turare. A cire musu abin da ke bayansu, a goge tabo, a haskaka su har su fi yadda suke a zahiri kyau.

Yaya ya daɗe a kasuwar aiki ta intanet. Shafinsa cike yake da taurari, wato makin da masu ba da aiki ke sa wa mutum idan ya gama musu, kuma a wannan kasuwa wanda ba shi da tauraro bai ishi kowa kallo ba. Shi ya koya wa Auta aikin bayan ta gama makaranta ta rasa abin yi. Wannan kam ba ta taɓa musu ba, shi ma bai taɓa barin ta manta ba. Aiki ya shigo da sunansa, ya tura mata, ta yi, ya aika da sunansa, yabo ya dawo da sunansa. Ƙarshen wata ya miƙa mata abin da ya ga dama, ya ce ai na kwalliya ne, tunda ba haya take biya ba.

Ranar da ta ce za ta buɗe nata shafin, dariya ya yi har da dukan tebur. Ta bari ya gama, sannan ta roƙe shi ya bar ta ta ɗora wasu daga hotunan da ta gyara a matsayin samfuri, don masu ba da aiki su ga hannunta. Nan dariyar ta ɗauke. Ya ce duk abin da ya fita daga ɗakin nan da sunansa ya fita, in ta taɓa ko ɗaya zai nuna mata ita ƙaramar yarinya ce.

Sai ta bi gida tana tattara abin da za ta ɗauka hoto: filas ɗin Mama, takalmanta na fita, wata tsohuwar fitila da ta tsinta a sito. Ta gyara su, ta jera a shafin, ta fara aika tayi. Duk aikin da aka tallata sai ta tarar mutane sun riga ta cika wurin, masu taurari a sama, marasa taurari a ƙasa suna karya farashi kamar za su yi kyauta. Ta rubuta tayi dogo, shiru. Ta rubuta gajere, shiru. Wani ya amsa, ya ce ta yi masa hotuna na gwaji, ta yi, ya karɓa ya ɓace. Babu mai ba ta aiki don ba ta da tauraro, kuma tauraron ba ya samuwa sai an ba ta aikin.

Kullum da safe Yaya zai shigo ya bugi kujerar, da gangan yanzu, ya ce, "Shugabar kamfani, yau kwastoma nawa ne a layi?" Sai ya zube mata nasa aikin. Da ta gaji ta ce daga yau ba za ta ƙara taɓa aikinsa ba, ya canza lambar sirrin intanet ɗin gidan. Sai da Baba ya hawo da kansa, hannunsa duk baƙin mai, ya ce shi ya sa aka jawo layin nan, kuma ba don mutum ɗaya aka jawo shi ba. Yaya ya rubuta mata lambar a tsinken takarda ya jefa ƙasa.

Aikinta na farko daga wata mata ya zo, mai sayar da takalman jarirai a wata ƙasa mai nisa. Matar ta ce ba taurari take dubawa ba, hoton fitilar nan ne ya burge ta. Auta ta yi aikin kamar ranta ne a ciki, har zaren da ya fito a gefen takalmi sai da ta bi ta goge. Matar ta ba ta taurari biyar. Auta ta sauka da gudu ta nuna wa Mama, wadda ba ta gane komai ba amma ta sa mata albarka. Da ta dawo sama Yaya bai ɗago ba, sai dai ta ji yadda yake dukan madannai kamar sun yi masa laifi.

Wani aikin ya biyo baya, sannan wani. Ana cikin haka wani mai sayar da agoguna ya neme ta da kansa. Shafinsa sabo ne, babu hoto, amma bai tsaya ciniki ba, ita kuwa murna ta hana ta tunani. Ta gama ta aika, ya ce hasken ya yi yawa. Ta rage, ya ce ya yi duhu. Ya ce a sa inuwa, ta sa, ya ce wa ya ce a sa inuwa. Ta yi ta ba shi haƙuri tana sake aikin har idonta ya fara ruwa. A ƙarshe ya karɓa, ya ba ta tauraro ɗaya, ya rubuta a ƙasa cewa ba ta iya aiki ba, ba ta jin magana, kowa ya guje ta.

Wanda taurarinsa suka yi yawa ba zai ji irin wannan ba. Ita nata ba su taka kara sun karya ba, don haka guda ɗayan ya ja makinta ƙasa, kuma maganar ce abu na farko da duk wanda ya buɗe shafinta zai karanta. Aiki ya tsaya cak. Ta rubuta wa mutumin tana roƙo, bai amsa ba. Yaya kuwa sai ya sauya, ya fara yi mata magana a hankali, yana cewa kasuwa haka take, ba kowa ke iyawa ba, aikinsa yana nan idan ta huce.

Wata rana da azahar hadari ya haɗo, Yaya yana ƙasa Baba ya kira shi. Iska ta fara watso ruwa, Auta ta tashi rufe taga, ƙugunta ya taɓa teburinsa, fuskar kwamfutar ta haska. Shafin mai agoguna ne a buɗe, daga ciki, yadda mai shi kaɗai ke ganinsa, ga saƙonta na roƙo a sama. Ta tsaya tana kallo ruwa na dukan hannunta. Sannan ta ɗauki waya ta ɗauki hoton.

Da ya hawo ya ga inda take tsaye, bai ko yi ƙoƙarin ƙarya ba. Ya ja kujera ya zauna.

"To, ni ne. Sai me?"

"Ka goge shi, Yaya."

"Ni na ɗauko ki ba ki san inda ake kunna kwamfuta ba. Yau kin yi fiffike, kin bar ni da aikin mutane a hannu. Ki dawo bakin aikinki, sai mu yi maganar gogewa."

Ta kai ƙara wurin Baba. Baba ya saurara yana kwance ƙafar mota, ya ce shi bai ga abin tashin hankali a tauraron da ba na sama ba, su je su shirya. Mama ta ce yayanta ne, ko me ya yi ta yi haƙuri, kuma ta tuna matarsa na da tsohon ciki. Babu wanda ya ce wa Yaya bai kyauta ba. Wannan ya fi tauraron ci mata rai. Ta hau sama, ta zauna Yaya yana bayanta, ta rubuta wa masu kasuwar duk abin da ya faru, ta haɗa da hoton.

Abin da ta zata shi ne a cire tauraron. Masu kasuwar kuwa da suka duba suka ga shafuka uku a kan layin intanet ɗaya, ɗaya na ba ɗaya maki, sai suka rufe duka ukun.

Yaya ne ya fara gani. Ya sa lambarsa ta ƙi, ya sake sawa, sannan ya karanta saƙon a tsaye. Shekarunsa ne a shafin nan, da kwastomomin da ba shi da wata hanyar samunsu sai ta nan. Ya juyo ya share duk abin da ke teburinta da hannu ɗaya, kofi da waya da fitilar suka watse a ƙasa. Ya kira ta butulu, ya kira ta maciji a cikin gida, ya ce da ya san haka za ta zama da ya bar ta tana wanke-wanke har ta tsufa. Ita ma ba ta yi shiru ba. Ta ce shekara da shekaru da guminta yake cika baki, in shi gwani ne ya sake ginawa mana, ai ta ga yadda ake farawa. Baba ya hawo da ƙarfen cire taya a hannu, ya manta bai ajiye ba, ya tsaya a tsakaninsu. A karo na farko ya fahimci tauraron nan abinci ne, kuma da ya fahimta, ita ya juya ya kalla.

"Ke Auta, ɗan'uwanki kika kai ƙara wurin bare?"

"Na kawo wurinka, Baba."

Baba ya juya ya sauka.

Su biyun duka sun rubuta neman a sake dubawa. Bayan dogon jira da aika katin shaida, aka buɗe na Auta, aka cire tauraron. Na Yaya aka ce an rufe ke nan, kuma ba a yarda ya buɗe wani da sunansa ba. Gidan ya yi mata zafi. Anti, matar Yaya, wadda a da suke hira har su manta da tukunya a wuta, ta daina amsa gaisuwarta. Mama ba ta yi mata faɗa ba, amma takan yi ajiyar zuciya duk sanda ta wuce. Auta ta naɗe wayoyin kwamfutarta ta koma gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta ba ta lungu a shagonta na ɗinki, tsakanin keke da tulin yadi. Mai takalman jarirai ta dawo da sabon aiki, ta kuma turo mata wata ƙawarta. Yaya ya sauka shagon taya.

Da matarsa ta haihu Mama ta kira Auta, ta ce ko don ita ta zo asibiti. Ta je da ledar kayan jarirai. Yaya na tsaye a ƙofar ɗakin, ya rame, faratansa sun yi baƙi.

"Me ya kawo ki?"

"Wurin Anti na zo."

Ya daɗe kafin ya matsa, kuma ɗan kaɗan ya matsa, sai da ta karkata ta wuce. Matarsa ta nuna mata inda za ta ajiye ledar ba tare da ta kalle ta ba. Mama ce ta ɗauko jaririyar ta ɗora mata a hannu. Auta ta riƙe ta jim kaɗan, sannan ta mayar wa Mama, ta ce Allah ya raya, ta ce tana da aikin da za ta miƙa kafin yamma. Babu wanda ya ce ta ƙara zama.