Haɓon Liman

Malam Rilwanu yana ɗaure mazagin wandonsa na uku tun safe, sai 'yarsa Zakiyya ta yi sallama a bakin ƙofa.

"Baba, ga ruwa. Tun asuba ko kurɓi ba ka yi ba."

"Mayar da shi."

"Likita fa cewa ya yi ka riƙa sha."

"Likita ne zai ja sallah?"

Wata biyu ke nan da aka cire masa ƙululun da ya toshe masa hanyar fitsari. A da sai ya yi nishi kafin ɗigo ya fito, yanzu kuwa ba a neman izininsa. Tari, atishawa, tashi daga tabarma, duk ɗaya. Likitan, wanda bai kai ɗansa na fari shekaru ba, ya ce aiki ya yi kyau, saura haƙuri: wata shida, ko shekara, ko kuma. Bai ƙarasa ba, Malam ma bai tambaya ba.

Shekara talatin da ɗaya yana limancin masallacin layinsu a Kusfa, inda mahaifinsa ya tsaya kafin shi. Tun da ya kwanta na'ibinsa Labaran ke jan jama'a, har an fara yabon muryarsa. Shi ya sa ya aika cewa yau da azahar zai dawo. Hukuncin kuwa ya san shi sarai, don sau nawa ya karantar da shi a zaure: mai irin wannan lalura sallarsa ta yi, amma ba a so ya shige gaban masu lafiya. A lokacin ya ɗauka maganar wasu ake yi. Dabararsa ita ce ya hana cikinsa ruwa, ya ga abin da zai zubo.

Raka'ar farko ta wuce lafiya. A ruku'un ta biyu ya ji ɗumi yana bin cinyarsa ta hagu, a hankali, har idon sawu. Rigarsa fara ce, ga sahu huɗu a bayansa.

Sai ya yi abin da ya koya wa ɗalibai: limamin da uzuri ya kama, ya kama hancinsa kamar mai haɓo, don ya rufa wa kansa asiri. Ya toshe hanci, ya jawo hannun rigar Labaran, ya ratsa sahu ya fita.

Kafin la'asar zaure ya cika da 'yan sannu.

"Zafin nan ne, Allah gafarta Malam," in ji Alhaji Sadiƙu mai goro, yana kwance wani ƙullin gari. "Shaƙa wannan. Kakata ta tsayar da haɓon rabin Ƙofar Galadima da shi."

Malam ya karɓa ya shaƙa. Atishawa ta zo, abin da ke biyo atishawa ya biyo ta. Ya ja bargo ya rufe ƙafafunsa a cikin wannan zafi, ya yi godiya.

Da aka watse saura Labaran, kansa a ƙasa.

"Na naɗe dardumar da kaina, Malam. Na ce musu wanki za a kai ta."

Malam ya dube shi. Da izgili ya gani a fuskar, da ya fi masa sauƙi.

"Lokaci ya yi, Malam. A tayar da iƙama, ko a jira ka?"

"Haɓon bai tsaya ba. Je ka ja su."

"Har zuwa yaushe zan ce musu?"

"Kada ka ce musu komai. Za su daina tambaya."

Labaran ya sa takalmansa ya fita. Malam ya jira har ya ji kabbarar farko ta lasifika, sannan ya ɗaga murya.

"Zakiyya! Kawo ruwan nan."