An Kashe Malam a Turmi na Biyu

Rabi na wanke safar hannu a karo na barkatai, don asibitin ba shi da sabuwa, sai ga Gwadabe ɗan acaɓa ya faɗo ɗakin yana haki.

"Sista, an kashe Malam!"

Rabi ta dafa bango tana salati. Da safe mijinta Halliru ya fita, wai zai leƙa kasuwar Juma'a.

"Wa ya kashe shi? Mota ce?"

"Wace mota? A turmi na biyu! Wallahi na farko shi ya fi, sai yaron ya shammace shi."

Sai a lokacin ta gane. Kisan dambe ne, wanda ake yi wa mutum ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Halliru ɗan mahauta ne, dambe gadonsu. Ubansa ya kai shi boko don ya raba shi da naushi, ya zama malamin firamare a Darki. An ce ilimi gishirin zaman duniya, ba a dai ce ana miya da gishiri zalla ba. Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, albashi na nan inda aka bar shi. Sabon ciyaman kuwa, dambe yake so kamar ransa.

Aka shigo da Halliru a rirriƙe, zaren damben na naɗe a hannunsa, jini na bin kunnen hagu. Rabi ta haska tocila ta duba. Dodon kunnen ya fashe.

"Malam, da girmanka? Ɗalibanka suna kallo?"

"Har tafi suka yi." Ya miƙa mata hularsa, cike da sababbin takardun kuɗi. "Ciyaman ne ya liƙa min. Na wanda aka kashe ke nan, Rabi. Ya fi albashina da naki a haɗe."

"Ai ba ki ga na wanda ya yi kisan ba," in ji Gwadabe. "Babur aka ba shi, sabo fil!"

"Rufe mana baki, Gwadabe." Rabi ta juyo wajen Halliru. "Ran Litinin aji za ka koma. Wani naushin a nan, kurma za ka zama. Ka ji ni?"

Bai ko motsa ba. Ta gefen hagu take magana.

Ta buɗe kabad neman auduga, wayam. Babu magani, babu bandeji. A gida ma tun shekaranjiya yara garin kwaki suke sha. Ta dubi hular, sannan ta zari takarda ɗaya daga ciki ta ba Gwadabe, ta ce ya ruga kemis.

Ta zagayo ta dama, ta sunkuya daidai kunnen da ya rage.

"Me kika ce ɗazu?" Halliru ya tambaya.

Rabi ta fara warware masa zaren a hankali, tana naɗe shi kada ya hargitse.

"Cewa na yi, in ka koma fagen, ka riƙa kare wannan gefen."