Nas ɗin Gidan Bobboyi

Ledar ƙarin ruwa uku Gogo ta zube a kan tabarma, da allura da filasta, ta karkaɗe hannuwa kamar wadda ta gama nata aikin.

"Ga su nan. Ɗantani ya ce uku sun isa su tashe shi. Ki ɗaura masa kafin ki fita."

Munirat na tsaye a ƙofar ɗakin mahaifinta cikin farin yunifom, jaka a kafaɗa. Bakwai ta gota, jarrabawa kuma ƙarfe takwas. Amma ba agogo take kallo ba, ƙafafun Baba take kallo. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Kwana uku ke nan Malam Bobboyi bai iya kwanciya ba, a zaune yake barci an tokare shi da matasan kai, numfashinsa na fita da wani gurnani kamar tukunya ta fara tafasa. An koya musu wannan a aji, ta kuma gan shi da idonta a ɗakin marasa lafiya. Zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a jiki. Mai irin wannan ciwo rage masa ruwa ake yi. In aka ƙara masa, huhunsa ya cika, ya nutse yana zaune a kan gadonsa.

"Gogo, ruwa ne ya yi masa yawa. Asibiti ya kamata a kai shi, yanzu ma."

"Ruwa ya yi masa yawa!" Gogo ta waiga wajen Dada, mahaifiyar Munirat, wadda ke durƙushe tana yi wa mijinta fifita. "Kin ji ko? Mutum kwana uku ko kunu bai shiga cikinsa ba, wai ruwa ya yi masa yawa. Abin da ake koya muku ke nan? Tun ba a haife ki ba muke ganin ana ƙara wa mutum ruwa ya miƙe."

Gogo yayar Malam Bobboyi ce. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan, maganarta kuma ba ta faɗuwa ƙasa. Ɗantani babban ɗanta ne, magidanci mai kemis a bakin layi, wanda bai taɓa zama a ajin koyon magani ba, amma a duk unguwar Ajiya ana ce masa Dakta.

"Ni ɗaliba ce, Gogo. Shekarata biyu kacal. Ko da ruwan yake buƙata, ba a ba ni izinin sa wa kowa ba."

"To amfanin me aka yi da aka bar ki a gida?"

Baba ya buɗe ido. Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya miƙo mata shi, bayan hannun a sama.

"Bingel," ya ce, sunan da yake kiranta da shi tun tana goye. "Kada ki kai ni can. Ki sa mini a nan."

* * *

Tana da shekara tara 'yan tayar da ƙayar baya suka ci garin Mubi. Yayanta Usaid yana karatu a can. Ya bugo waya ya ce sun shiga daji da ƙafa shi da 'yan ajinsu, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. Wata biyu Malam Bobboyi ya yi yana bin asibitocin Yola da Jimeta, yana leƙa fuskokin waɗanda aka kawo da rauni, yana ɗaga mayafin waɗanda aka kawo ba rai. Ranar da ya daina, ya dawo gida da alkawari biyu: ƙafarsa ba za ta sake taka asibiti ba, kuma babu wani cikin 'ya'yansa da zai sake kwana a wani gari da sunan karatu.

Shi ya sa da Munirat ta sami gurbi a Jos, takardar ta tsufa a cikin akwati. Aka sa ta kwalejin koyon aikin jinya ta nan cikin gari, tafiyar minti goma sha biyar a keke napep. Kowa ya yaba. An ce ga ilimi ga tarbiyya, ga tuwon gida, ga idon iyaye. Ba wanda ya lissafa cewa idon da ke tsaron yarinya shi ne kuma yake ganin duk lokacin da ta zauna da littafi, ya tuna akwai aike.

Tun makonta na farko da sa fararen kaya sunanta ya koma Nas. Matan layi suka riƙa sallama da jarirai masu zazzaɓi, alhali ita ko ma'aunin zafi ba ta iya karantawa ba tukuna. In ta ce ba ta sani ba, a ce girman kai. 'Yan ajinsu da suka zo daga Numan da Ganye suna ɗakin kwanan ɗalibai suna kukan kewar gida, ita tana jinsu kawai.

* * *

Ta ajiye jakar. Ta rataye leda ɗaya a ƙusar bango, ta warware igiyar, ta murɗe makullin ruwan gam. Sannan ta juya wa Gogo baya, ta kama hannun Baba, ta goge shi da auduga. Ba ta huda ba. Ta kwantar da robar allurar a kan fata, ta lulluɓe ta da filasta har ninki huɗu.

"Hannunki ba zafi," in ji Baba, har da ɗan murmushi.

"A hankali zai riƙa shiga, ba a ganinsa. Kada kowa ya taɓa sai na dawo."

Ƙarfe sha ɗaya za a tashi daga jarrabawa. Daga nan za ta roƙi Sista Keturah, mai kula da ɗalibai a ɗakin marasa lafiya, ta zo ta yi wa Baba magana. Bakin baƙo ya fi na 'yar gida nauyi. Awa uku kawai take nema.

A ɗakin jarrabawa waya na cikin jaka a bakin ƙofa. Ta amsa tambaya uku cikin biyar, ta huɗun ta karanta ta sau shida ba ta gane abin da ake nema ba. Da aka karɓi takardu ta zaro wayar, ta tarar da kiran Dada goma sha ɗaya.

"Gogonki ta ga ruwan ba ya tafiya, ta buɗe, sai ya jiƙa zanin gado. Ta ɓanɓare filastar." Abin da Dada ta fara cewa ke nan da Munirat ta mayar da kiran. "Ta kira Ɗantani ya sa da kansa. Biyu sun ƙare. Munirat, kumfa ke fita a bakinsa."

"Ku cire! Dada, ku cire yanzu, ku sa shi a keke!"

"Ya ce ba ya..."

"Yana magana?"

"A'a."

"To ku sa shi a keke."

* * *

Ta riga su isa asibiti. Ita ta tallabe kansa daga keke zuwa gado, ita ta riƙe masa robar iska a hanci har aka janye ta aka ja labule. Malam Bobboyi ya shiga asibiti bai san ya shiga ba. Ana kiran azahar likita ya fito, ya dubi Dada, ya ce a yi haƙuri.

Suna zaune a benci a baranda Sista Keturah ta zo da takarda a hannu. Ta fara yi musu gaisuwa, sannan ta dubi Munirat, ta dubi fararen kayanta.

"Likita zai rubuta rahoto. Mutum da ƙafa a kumbure haka, an zuba masa leda biyu. Wa ya sa masa?"

"Ai muna da nas a gida," in ji Gogo, idonta jajir, ba ta ɗago ba. "Ita ta ɗaura kafin ta fita. Maƙwabta ma sun gani."

"Munirat, ke nake tambaya. Kin san abin da makaranta ke yi wa ɗalibar da ta yi wannan. In wani ne, ki faɗi sunansa, 'yan sanda za su neme shi." Ta ajiye takardar da biro a kan bencin. "Ki rubuta sunan wanda ya sa masa a nan. Zan je in dawo."

Ƙarar takalminta ta yi nisa. Can ƙarshen baranda Ɗantani na tsaye jikin ginshiƙi, hularsa a hannu, yana juya ta.

"Dada," in ji Munirat. "Kin gani da idonki. Ke kika gaya mini a waya."

Dada ta matso. Ta sa bakin mayafinta ta share wa 'yarta fuska, a hankali, kamar yadda take mata tana ƙarama. Ta ɗauki biron ta sa mata a hannu, ta rufe yatsunta a kansa.

"Ɗan'uwanki ne, 'ya'yansa bakwai. In aka kama shi, zumunci ya ƙare, ga gawa ko wanka ba a yi mata ba." Ta ƙara rage murya. "Ke kuwa ko sun kore ki, ina za ki? Ai dama gida kike."