Allon Alƙali Ferriby

Akwatin ƙarfe ɗaya. Hular gashi ta lauyoyi a cikin gwangwaninta. Baƙar riga. Takardar shaida a naɗe. Littattafan shari'a huɗu. Tabar lofe ta Baba. Da tarin da na kwaso a London, wanda ya ƙi sakina.

Da waɗannan nake zaune a jirgin ƙasa daga Kowloon, a watan biyar na 1929, bayan shekara bakwai. Babu wanda ya tarye ni a tasha. Na ɗora wa wani ɗan dako akwatin, muka bi gaɓar rafi. Hanyar ta ratsa ƙauyen ƙasa na 'yan gidan Sit. Shekarar fari ce, gonakinsu duk sun tsattsage. Daga madatsar ruwa zuwa ƙauyenmu na sama kuwa, inda kowane namiji sunansa Mak, shinkafa ta yi kore shar.

Na tarar da Baba a tsakar gida yana shan shayi da wani tsohon Bature. Na miƙa wa Baba hannu. Ya dubi hannun kamar na miƙo masa mataccen kifi.

"Maraƙi," in ji shi, da sunan da ake kirana tun ina goye, "abin da suka koya maka ke nan?"

Baturen ya zuba shayi ya turo mini kofin. "Hannu biyu," ya ce a hankali, "ka ɗan rusuna." Da harshen ƙauyenmu ya faɗa, har da jan muryar nan ta tsofaffi. Ni kuwa da na buɗe baki in gaida Baba, sai da na laluba kalmomin.

"Ka ji shi, Yaya Shiu?" Baturen ya ce wa Baba yana dariya. "Kada ka matsa masa. Ni ma in na koma garinmu haka zan yi ta tuntuɓe."

"Kai ai ba ka da wani gari sai nan," in ji Baba.

Wannan shi ne Alƙali Ferriby, wanda mutanenmu ke kira Tsoho Fai. Ya zo yana ɗan shekara ashirin da uku. Aka tura shi birnin Canton ya yi shekara biyu yana koyon harshenmu da rubutunmu. Ya yi alƙalancin ƙananan laifuffuka a birni, sannan aka ba shi gundumarmu: shi ne alƙali, shi ne mai rajistar ƙasa, shi ne mai kula da hanya da rijiya da annoba. Sau biyu ana ɗauke shi zuwa Babbar Kotu, sau biyu yana roƙon a mayar da shi. Ba ya son zama a kan kujera. A gindin bishiya yake shari'a, ko a kan iyakar gonar da ake rigima a kanta, da laka har gwiwa. Bai yi aure ba. Saura wata biyu ya ajiye aiki ya hau jirgi.

Na san yawancin wannan tun kafin in tafi. Abin da ban sani ba shi ne a kan kujerata yake zama, ta hannun daman Baba.

Washegari Baba ya kai ni zauren kakanni in kunna turare. A bangon gabas akwai alluna uku na 'yan gidanmu da suka ci jarrabawar sarki a zamanin da. Kusa da na ukun akwai gurbi guda. Tun ina ɗan shekara biyar ake ɗaga ni a nuna mini shi, a ce na malamin da gidan zai sake haifa ne. Saboda gurbin nan na sha sanyin shekara bakwai. Yanzu na ga an buga sababbin ƙusoshi biyu a wurin.

"Har an shirya?" na tambaya. Na ji fuskata tana zafi.

"Ana sassaƙa shi. Ranar ban kwana za a rataya."

"Ban kwanan wa?"

"Na Tsoho Fai mana. Na wa kake zato?"

Na ce masa na zo da takardar shaidata.

"Na gani. Rubutun tsutsa ne. Wa zai karanta wa kakanni? Shi da hannunsa ya rubuta kalmomi huɗun da za a sassaƙa, kuma hannunsa ya fi na malamin makarantarmu." Ya busa tokar turare daga hannun rigarsa. "Kai ma akwai aikinka. Manyan birni za su zo. Ka rubuta musu tarihin aikinsa da Turanci, ka karanta. Ai ka ga karatun bai tafi a banza ba."

Na karɓi aikin. Kwana tara ina zuwa ofishin gunduma ina karanta tsofaffin shari'o'insa. Ban ɓoye wa kaina abin da nake nema ba. Kuskure nake nema, kuma na daɗe ban samu ba. Mutumin yana da tsabtar aiki. Ko shari'ar agwagwa ce sai ya rubuta wanda ya gani da wanda ya ji kawai.

A rana ta tara na kai ga shari'ar madatsa, ta shekarar 1907, Mak da Sit. Shafi ɗaya ce. A rajista, filin da madatsar take kai da sunan Sit yake. Baba ya ce kuskuren ma'auna ne, kakansa ne ya gina ta. Babu takarda, babu shaida sai 'yan gida. Baba ya nemi a je ɗakin bauta a yi rantsuwar zakara, Ferriby ya yarda. Kowa ya san yadda ake yi: a rubuta rantsuwa a takarda rawaya, mutum ya karanta da ƙarfi cewa in ƙarya yake zuriyarsa ta yanke kamar wuyan zakaran nan, ya sare kan, a ƙone takardar. Baba ya sare. Tsoho Sit, wanda Baba ya yi ƙara, ya riƙe wuƙa, ya ajiye, ya fita. Ferriby ya rubuta: wanda ake ƙara ya ƙi rantsuwa, an ba Mak madatsa.

Na tuna ranar. Ina ɗan shekara shida, an buga ganga har rana ta faɗi.

A hanyar komawa na tsaya a ƙauyen ƙasa. Tsoho Sit ya daɗe da mutuwa. Ɗansa Wing-Kau na samu yana ɗebo ruwa daga wani rami a tsakiyar busasshen rafi, guga biyu a sanda.

"Lauyan gidan Mak," ya ce bai ajiye sandar ba. "Ka zo auna sauran ruwan ne? Ga shi nan, kwashe."

"Shekararka nawa?"

"Aure za ka yi mini?"

"Nawa?"

"An haife ni wata uku bayan zakaran. Ai abin da kake son ji ke nan."

Shi ne abin da nake son ji. A wajenmu namijin da matarsa ke da ciki ba ya zubar da jini a ɗakin bauta, balle ya sa zuriyarsa a bakin rantsuwa, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana. Kuma ba ya faɗin dalili a gaban maza, don ba a ambaton ciki kafin ya sauka. Tsoho Sit ya kai shekara hamsin ba shi da ɗa namiji. Kowace mace a ƙauyukan biyu ta san halin da matarsa take ciki. Baturen da ya haddace littattafan magabata, wanda ya san sunan kowane kabari a kan tudu, bai sani ba, saboda ba shi da mace a gida da za ta gaya masa.

"Me ya hana ku ɗaukaka ƙara?"

Wing-Kau ya yi dariya. "A kan Tsoho Fai? Wa zai tsaya mana? Kai?"

Na juya na kama hanyar gida.

Baba yana gyaran kejin tsuntsunsa lokacin da na shiga. Na gaya masa abin da na karanta da wanda na gani.

"To?" in ji shi.

"Ka san matar Tsoho Sit tana da ciki."

"Kare ma ya sani."

"Shi ya sa ka nemi rantsuwa a watan."

"Shi ya sa kake cin shinkafa tun kana da haƙori biyu." Ya zuba wa tsuntsun gero. "Madatsar tamu ce. Kakana ya gina ta. Ban yi ƙarya ba, ga ka nan a tsaye, zuriyata ba ta yanke ba. Lokaci kawai na zaɓa."

"Rajista ba ta san kakanka ba. Duk lauyan da ya kai wannan Babbar Kotu, cikin rabin yini zai rushe hukuncin."

"Wane lauya?"

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun da na dawo.

"Af. Ciniki ka zo yi." Ya rufe kejin. "In rataya allonka, ka haɗiye maganar. Ko ba haka ba?"

"Gurbina ne, Baba. Kai ka ɗaga ni ka nuna mini."

"Na nuna maka. Lokacin annoba Fai ne ya ɗauki gawar ƙanena da hannunsa, ranar da 'yan uwa suka gudu kan tudu. Ranar da muka binne uwarka shi ya tsaya a inda ya kamata ka tsaya, kana can kana jarrabawa. Shekara talatin yana shan ruwan rijiyarmu. Kai me ka yi wa gidan nan, Maraƙi? Ka iya sa hular gashin doki."

"Ku kuka tura ni."

"Mun tura ka ka zama shi. Sai ka dawo ba shi ba, ba mu ba." Ya ɗauki lofensa, ya cusa tabar ƙauye, wadda na kawo masa tana ajiye a gefe ba a buɗe ba. "Allo na Fai ne. Ka yi abin da za ka yi."

Da safe na tafi ofishin gunduma. Ranar kasuwa ce, barandar cike take da masu ƙara. Wing-Kau yana cikinsu, ya zo neman izinin haƙa rijiya. Akawu ya shigar da ni ba layi.

Ferriby yana naɗe taswirori yana sawa a akwati. Ya nuna mini kujera.

"Mak, na rubuta wa birni a kanka. Ba za su ba ɗan ƙasa kujerar nan ba, ko ni ko kai ba za mu ga ranar ba. Amma akwai gurbin mataimaki a ofishin lauyan gwamnati. Na gaya musu ka fi duk yaran da suke turo mini."

Da Turanci ya yi maganar, don ya sauƙaƙa mini. Wannan ma na ji zafinsa.

Na ajiye masa shafin shari'ar madatsa. Na faɗi shekarar haihuwar Wing-Kau da watan. Ban ƙara komai ba, ina son in ga ko zai gane da kansa.

Ya gane. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ya dube ni kafin ya ajiye wuƙar," in ji shi. "Na ɗauka kunyar ƙarya ce." Ya daɗe yana kallon shafin. "Yaya Shiu ya sani?"

"Shi ya zaɓi watan, ranka ya daɗe."

"Shekara ashirin da biyu ina shan shayinsa."

Na jira in ji daɗi. Na ji kaɗan, bai kai yadda na zata ba.

"Hukuncin ba zai tsaya ba," ya ce. "Bai kamata ya tsaya ba. A kai shi sama, ni da kaina zan rubuta cewa na yi kuskure." Ya mayar da tabarau. Sai ya sauya zuwa harshenmu, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ɗana, saura mako shida. Ka bari a yi bikin. Ka bari jirgina ya tashi. Tsofaffin nan sun sha wahalar allon."

"Tsofaffin ne, ko kai?"

Bai yi fushi ba. Na so ya yi.

"Ni ma," in ji shi. "Ba ni da kowa a can. Bangon nan kaɗai ne inda sunana zai zauna."

"Gonakin Sit ba za su kai mako shida ba," na ce. Gaskiya ce, amma ba ita ta kawo ni ba, kuma ina jin ya sani.

Na ɗauki shafin na miƙe. Ya kira ni da sunan da Baba ke kirana. Ban juya ba. Na fito baranda na ja ƙofar na rufe.

"Sit Wing-Kau," na ce, yadda duk layin zai ji. "Bar maganar rijiya. Ranar Litinin zan shigar da ƙarar madatsa a Babbar Kotu, kuma ni zan tsaya maka."