Kirsimetin Mai Ɗankwali

Bas ta wuce ƙofar cocin ba ta tsaya ba, don Auta ba ta danna ƙararrawa ba. Baba ya juya wuya yana bin ginin da kallo ta gilashin da ya yi raɓa, har suka sha kwana.

"Auta, ba cocin ba ne wancan? Ga mutane can suna shiga."

"Shi ne, Baba. Za mu ɗan biya ta wurin aikina tukuna."

"Yau? Ranar Kirsimeti?"

"Ba daɗewa za mu yi ba."

Ƙarya take yi. Daga safe har yamma aka sa ta aiki, kuma ta san da haka tun kafin jirgin Baba ya sauka. Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa masa, ga shi goben ta ƙare. Ta ja rigar sanyinta ta ƙara rufe kayan aikin da ke ciki.

Baba kuwa tun da asuba ya shirya. Ya goge takalmi, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci a kan suwaita biyu, ya maƙale tsohon littafin waƙarsa a hammata. Tun kafin a haifi Auta shi ke koyar da mawaƙan cocinsu a gida, kuma wannan ce Kirsimetinsa ta farko tun rasuwar matarsa. Shi ya sa Auta ta yi ta faman takardu har ta kawo shi, don kada ya yi ta shi kaɗai. Tun zuwansa ba shi da zance sai na yadda zai ji mutanen ƙasar nan suna rera waƙoƙin da ya sani.

Asalin matsalar kuwa ɗankwali ne. Auta ba ta fita kai a buɗe. Haka ta tashi ta ga mahaifiyarta, ga sanyin ƙasar nan mai shiga har ƙwaƙwalwa, ga shi kuma, in gaskiya za a faɗa, babu mai yi mata kitso. A shekararta ta farko a gidan kula da tsofaffi, tana sabuwa, tana ganin ko tari ta yi za a sallame ta, Manaja ta kira ta ofis. Ta dubi ɗankwalin, ta yi murmushin mutumin da ya halarci taron bita a kan yadda ake zama da baƙi, ta ce, "Na san ku ba kwa bikin Kirsimeti. Za ki taimaka ki riƙe mana ranar, sauran su je gida?" Auta ta buɗe baki za ta gyara mata, sai ta ji bakin ya ce, "Ba komai." Shi ke nan fa.

Daga nan alheri ya yi ta sauka a kanta ba ƙaƙƙautawa. Kuku ya daina sa mata naman alade a faranti, ita da dama bai dame ta ba. In ana liƙa kayan ado, sai a tsallake ƙofar kabad ɗinta don kada ranta ya ɓaci. Ƙarshenta Manaja ta sa aka kwashe bokitai da tsintsiyoyi daga wani ɗan sito, aka shimfiɗa darduma, aka ce ɗakin ibadarta ne. Har da ƙwalla Manaja ta yi ranar da ta miƙa mata makulli. To, wa zai dubi mace tana ƙwallar farin ciki ya ce mata ta tafka kuskure? Auta ta karɓa ta yi godiya. A nan take miƙe ƙafa in ta gaji, a nan take kiran gida. Kowace shekara maganar sai ƙara nauyi take yi, ita kuma sai ƙara shiru. Abin da take gudu yau ɗaya ne: kada Baba ya sani.

Suka sauka, suka taka dusar ƙanƙara har ƙofar gidan. Ciki akwai ɗumi, da warin maganin goge ƙasa, da ƙamshin nama daga kicin. Auta ta zaunar da Baba kusa da na'urar ɗumama ɗaki a babban falo, ta kawo masa shayi. Da ta cire rigar sanyi, ya dubi kayan aikinta daga sama har ƙasa.

"Ɗan biyawar ke nan?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba yadda na iya."

"Ke dai tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba, kuma ba ki daina gwadawa ba." Ya ɗora littafin a cinya ya juya fuska. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma bai ɓoye ba.

Ba ta da lokacin lallashi. Su biyu ne kacal a bene, ita da wata nas, sai Kuku a kicin. Ta tashi wannan, ta wanke wancan, ta nemo haƙoran wani tsohon direba a ƙarƙashin matashi, ta yi ta turo kekuna zuwa falo. An ɗora wa kowane tsoho hular takarda, suna zaune a jere kamar masu jiran likita. Duk shekara wasu mawaƙa kan zo daga coci su yi musu waƙa kafin abinci, kuma tun farkon wata tsofaffin suke tambayar ranar. Sai ga nas ta leƙo da waya a hannu: motar mawaƙan ta kasa fita saboda ƙanƙara, ba za su zo ba.

Babu wanda ya yi gunaguni. Sun saba da waɗanda suka ce za su zo. Tsohon direban ya cire hularsa ya ninke ta gida huɗu, shi ke nan.

Auta tana ɗaki na ƙarshe tana sauya zanin gado ta ji sautin fiyano. Wata tsohuwar malamar makaranta ce, wadda ba ta cika magana da kowa ba, take taɓa shi da yatsunta masu rawa, tana kuskure tana komawa. Waƙar haihuwar Almasihu ce, wadda Auta ta sani tun tana goye. Can sai wata murya ta hau kan kiɗan, mai kauri, mai ɗan tsufa, da harshen gida. Ta san muryar. Ta saki zanin ta fito da sauri.

Tabɗi! Baba ya miƙe tsaye a tsakiyar falo, ya cire kwat, hannu ɗaya a sama. Shi yana yi da harshensa, su suna bi da nasu, karin dai ɗaya ne. Ba su kai ƙarshen baiti ba ya tafa hannu ya tsayar da su.

"A'a, a'a, a'a! Ku maza ina za ku da sauri haka? Wa ya biyo ku?"

Ko kalma ɗaya ba su ji ba, amma sun gane faɗa ake yi musu, kuma abin mamaki, daɗi suka ji. An daɗe ba a ɗauke su da muhimmancin da za a yi musu faɗa ba. Baba ya shiga tura kekuna da kansa, mata nan, maza can. Ya nuna tsohon direban da yatsa.

"Kai, kana da murya, rowa kake yi. Buɗe bakin! Auta, ce masa daga ciki ake jawo ta, ba daga hanci ba."

Auta ta fassara. Direban ya yi dariya har sai da ya dafe haƙoransa. Aka sake ɗauka daga farko. Kuku ya fito da ludayi a hannu ya tsaya a bakin ƙofa, nas tana ɗauka da waya. Auta ta ji bakinta yana bin waƙar a hankali, ta yi maza ta kama shi, don ita a gidan nan bai kamata a ce ta san ta ba.

Suna kan waƙa ta huɗu ko ta biyar Manaja ta shigo, da jar hula a kai da kwalin kek a hannu. Al'adarta ce duk Kirsimeti ta leƙo kafin abincin rana ta gode wa wadda ta sadaukar da ranarta. Ta tsaya cak. Ta dubi dattijon da ke kaɗa hannu, ta dubi Auta.

"Mahaifinki ne? Wayyo! Wa ya sa shi? Don Allah ki ce masa ba dole ba ne. Ba ma tilasta wa kowa abin da ba na addininsa ba."

Baba ya sauke hannu yana haki. "Me take cewa?"

"Ta ce sannu da ƙoƙari."

"Ce mata matan ne ƙashin bayan abin. Mazan sai a hankali."

Manaja ta kama hannunsa da hannu biyu tana girgizawa, idonta ya riga ya cika. Ta ce ba ta taɓa ganin zuciya mai faɗi irin wannan ba, mutum ya zauna ya koyi waƙoƙin wasu don kawai ya faranta musu. Ta ce a faɗa masa kek ɗin babu giya ko ɗigo a ciki, ita da kanta ta duba. Auta ta fassara abin da zai fassaru, ta haɗiye sauran. Har ta fara tunanin ta tsira, sai Manaja ta dubi agogo ta dafe ƙirji.

"Kai, mun riƙe shi, lokacin ibadarsa zai wuce! Zo, zo."

"Ba sai an..." in ji Auta. Ina! Manaja ta riga ta ja Baba ta hannun riga, shi kuma ya bi ta da fara'a, a zatonsa wani ɗakin tsofaffin za a kai shi. Ta tura ƙofar ɗan siton ta kunna fitila, ta koma gefe tana murmushi, kamar mai nuna sabon ɗakin amarya.

Wannan ba ya bukatar tafinta. Ga darduma a shimfiɗe, ga buta a kusurwa, ga kibiya an liƙa a bango tana nuna alƙibla. Ga kuma silifas ɗin Auta da abin cajin wayarta a gefe. Baba ya daɗe yana kallo.

"Ɗakin wa?"

"Nawa ne, Baba."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta. Babu faɗa a muryarsa, kuma hakan ya fi faɗan ciwo.

"Kin sauya addini ne ba ki faɗa mini ba? In kin sauya, faɗa mini. Kawunki ma ai can yake, kuma kwano ɗaya muke ci har gobe."

"Ban sauya ba."

"To mene ne wannan?"

Ta ba shi labari a gurguje, idonta a ƙasa: ɗankwalin, da ofis, da "ba komai" ɗin da ya kai ta nan. Kunya ta ishe ta har ta ji kunnenta yana zafi. Manaja tana ta gyaɗa kai daga gefe, a ganinta uba da 'ya suna yaba ɗakin ne.

"Wato ba coci kike zuwa ranar nan ba tun da kika zo?"

"Ba na zuwa."

"Nan kuma me kike yi a ciki?"

"Hutawa. Wani lokaci barci."

"Barci! A kan dardumar mutane?" Baba ya riƙe haɓa. "Ke naki ba ki riƙe ba, nasu kuma kin mai da shi katifa. Faɗa mata yanzu, ina tsaye."

Auta ta juya. Abin da ta kasa shekara da shekaru, ashe numfashi ɗaya ne. Ta ce ita Kirista ce, haka aka haife ta, kuma dattijon nan ba koyon waƙoƙin ya yi don ya faranta wa kowa ba, shi ke koyar da su. Ta ce ta yi kuskure da ba ta faɗa ba tun farko, a yafe mata.

Fuskar Manaja ta yi ja kamar hular kanta. Ta toshe baki. Ta ba da haƙuri, ta sake bayarwa, ta dubi dardumar da ita ta zaɓo da kanta a kanti, ta ce kunya kamar ta nutse. Sai idonta ya tsaya wuri ɗaya, murmushin ya gudu. Ta ce a hankali, kusan da kanta take magana:

"To... wa zai riƙe mana Kirsimetin baɗi?"

Auta ta ji dariya ta taso mata, da sauƙi mai daɗi a ƙirji. Ko ma wane ne, ba ita ba ce. Baɗi war haka tana coci da sabon ɗankwali, ta dawo gida ta ci, ta kwanta.

"Me kuma ta ce?" in ji Baba.

"Tambaya take wa zai yi aikin ranar Kirsimeti baɗi, tunda ni yanzu na fita."

Daga falo fiyanon ya sake tashi, tsohon direban ya shiga kafin lokacinsa da dukan ƙarfinsa. Baba ya yamutse fuska, ya fara naɗe hannun suwaita, ya nufi falon.

"Ke mana, Auta. Faɗa mata," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Wa zai riƙe mini mazan nan in na tafi?"