Sabon Inji a Motar Baba

Auta ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya, kuma ya yi ta ne don ya san ba ta gani. Masu son sa suna cewa tausayi ne ya ja shi, wasu su ce ai gyara ya yi, bai ɓata komai ba. Duk wannan kwana-kwana ce. Mutum mai shekara arba'in da uku, mai 'ya'ya huɗu, ya dubi tsohuwar da ta haife shi, ya lura idonta ya tafi, ya ce bari ya ɓuya a bayan wannan makantar.

Mahaifinsa direba ne. Da ya rasu ya bar tsohuwar a-kori-kura shuɗiya, wadda ya yi shekara talatin yana dakon katako da siminti da ita. Shekara goma sha ɗaya ta yi a tsakar gida a kan bulo huɗu, ƙarƙashin rumfar kwano. Tayoyin sun tsattsage, kaji sun mai da kujerar wurin yin ƙwai, tsatsa ta cinye ƙasan wajen direba har kana hango ƙasa ta ciki. Shi Auta mai walda ne, yana da shago a bakin titi inda yake yin ƙofofi da tagogi. Ba bakanike ba ne, amma hannunsa ya san ƙarfe, bakinsa kuma ya fi hannun sani. Ranar da ya ce zai ta da motar, Mama ta kafa masa sharaɗi ɗaya. Ya canza taya, ya canza kujera, ya yi mata fentin da ya ga dama, tunda ita ba gani za ta yi ba, amma kada ya taɓa injin. So take ta sake jin muryarsa kafin ta bi mai ita.

Ta ba shi labarin da ya sha ji har ya daina saurara. Motar ba ta tashi da safe sai an ja cok, wato ɗan maɓallin nan baƙi da ke kusa da sitiyari, mai ƙara wa inji mai idan ya yi sanyi. Na motar ya lalace tun da daɗewa, in an ja shi aka saki sai ya koma ciki da kansa, don haka sai wani ya riƙe. Ita ce take fitowa ta riƙe wa Baba, shi yana murza makulli. Injin zai yi tari sau biyu, a na uku ya kama. Auta ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari. Ya ƙara da cewa ba a haifi ƙarfen da zai gagare shi ba.

Aikin bodi ya tafi daidai. Ya kankare tsatsa, ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya ɗinke sabon faranti, ya miƙe ƙofar da ta lanƙwashe. Da aka zo kan inji sai ya kira maƙwabcinsa, wani dattijon bakanike mai yawan ba'a. Suka kafa ƙafafun ƙarfe uku, suka rataya sarƙa, suka ɗago injin suka ɗora a kan tsohuwar taya. Da suka wanke shi da kananzir sai ga tsaga a jikinsa, tsawon ɗan yatsa, inda ruwa ya kwanta shekara da shekaru.

Bakanike ya shafa wurin ya ce abin bai kai mutuwa ba. Akwai masu aikin irin wannan ƙarfen na zubi, suna huda shi su ɗinke da ƙusoshi ba tare da wuta ba, a kai musu. Ya gargaɗe shi cewa ƙarfen zubi ba ƙofar gida ba ne, ba ya son zafin gaggawa. Auta ya ji haushi. Shi da yake cin abinci da walda, a ce ya ɗauki injin ubansa ya kai wa wani? Washegari ya jawo injin waldarsa daga shago, ya zuba wa tsagar wuta. Ɗinkin ya fito sumul, har ya tsaya yana kallonsa. Yana cikin naɗe waya ya ji ƙas, ɗan ƙara kamar an karya tsinke. Ƙarfen ya huce, ya tsage daga gefen ɗinkin har ƙasa, ya ratsa ta inda ba mai iya gyarawa.

Mama tana zaune a inuwar rumfa a kan tabarmarta, taku goma daga wurin. Ta tambaya me ya yi ƙara. Ya ce sifana ce ta faɗi.

A nan ne ya kamata ya je ya durƙusa ya ce ya kashe injin da hannunsa. Da ta yi kuka, da ta yi faɗa, da abin ya wuce a mako guda. Amma ya riga ya cika baki, kuma kunyar a ce mai walda ya ɓata ƙarfe ta fi masa nauyi a kan haƙƙin uwa. Ya tafi inda ake sai da motocin da suka yi hatsari, ya samo injin wata mota 'yar shekara uku da aka daka ta baya. Irin na zamani ne, mai ɗan akwatin ƙwaƙwalwa da wayoyi kamar saiwar bishiya, ba ya son cok, ba ya jin sanyi.

Wata biyu shi da bakanike suka yi suna cusa shi a inda ba don shi aka yi ba. Auta ya yanke mazaunin tsohon, ya ƙera sabo. Suka sa giyabos ɗin da ya zo da injin, suka gajarta sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, suka sake lagireto, suka sake birki don sabon ƙarfin ya fi na da nesa. Akwatin ƙwaƙwalwar ya ɓoye shi a ƙarƙashin kujera. Aiki ne mai kyau, gaskiya kenan, duk wanda ya leƙa sai ya jinjina. Amma kullum da yamma Mama za ta tambaya yau me aka yi wa injin Baba, shi kuma ya shirya mata zance: an wanke kafireto, an sa sababbin filogi, ana jiran wani zobe. Sai ta ɗaga hannu ta sa masa albarka, ta ce da mahaifinsa yana nan da ya yi alfahari. Yakan amsa da amin yana kallon ƙasa, kamar tana iya ganin fuskarsa. Abinci ya daina yi masa daɗi. Amma bai daina ƙaryar ba.

Matarsa ta san komai, tunda a gabanta ake yi. Ta same shi yana wanke hannu da omo a bakin famfo, ta ce ita fa ta gaji da yin shiru duk lokacin da Mama ta juyo wajenta da murna. Ya ce ta bari a gama, in Mama ta ji motar na tafiya daɗi zai mantar da ita.

“Maigida, idonta ne ya tafi, ba kanta ba,” in ji ta. “In ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Na gaya maka tun yanzu.”

Ranar da matar ta kai Mama asibiti awon jini, ya kira masu sayen tsohon ƙarfe. Suka zo da kura, suka mirgina injin Baba a kai, suka fita da shi. Ya zuba yashi a kan baƙin man da ya rage a ƙasa, ya share.

Saura murya. Sabon injin yana tashi a murza ɗaya, kuma shiru yake yi kamar keken ɗinki. Auta ya huda salansa don ta yi ruri. Ya sa ɗan maɓalli a ɓoye ƙarƙashin sitiyari mai yanke wa inji mai, yadda zai danne shi da gwiwa ya murza makulli sau biyu a banza, a na uku ya saki ta kama. Ya yi ta gwadawa a lokutan da Mama take barcin rana a ɗakin baya. Bakanike yana tsaye yana goge hannu ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin wanda ya sayo lafiyayye ya zauna yana koya masa tari ba. Ya ce daga yau a cire sunansa a wannan ɓangaren, shi inji ya ɗaura, ba wasan kwaikwayo ba. Auta ya yi dariyar yaƙe. Tsohon maɓallin cok kuwa ya goge shi ya mayar raminsa don ado. Wayarsa ya riga ya datse ta, tunda ba inda za ta je.

Da safiyar ranar da za a ta da motar aka buɗe ƙofar gida, yara suka yi cirko-cirko, bakanike ya leƙo ta katanga. Mama ta sa a ɗauko mata mayafinta mai kyau. Auta ya riƙe hannunta ya hau da ita gaba, ya zagaya ya zauna. Ta shafa kujera, ta shafa gilashi, ta ce sun sa sabon fenti, tana jin warinsa. Yana kai hannu ga makulli ta ce ya dakata. Ta miƙa hannu ba lalube, kai tsaye zuwa inda yatsunta suka sani, ta kama cok ta ja.

Maɓallin ya biyo ta gaba ɗaya. Ya fito daga raminsa da guntuwar waya tsawon taƙi tana reto.

Auta ya ruɗe, ya murza makulli, ya manta da dabarar gwiwa. Injin ya tashi a take, sumul, kujera ko motsi ba ta yi ba, sai rurin banza daga hudajjiyar salansa.

Mama ta bi wayar da yatsa har ƙarshenta, ta taɓa inda filaya ta datse.

“Kashe,” ta ce.

Ya kashe.

“Auta, ina injin mahaifinka?”

Ko a nan yana da sauran ƙofar faɗin gaskiya. Ya ce yana ciki, gyara ne ya sa muryarsa ta canza, wayar kuma tsufa ne ya tsinka ta. Bai gama rufe baki ba ya ji maganar ta yi masa wari. Mama ba ta juyo wajensa ba. Ta ɗaga murya kaɗan ta kira matarsa, wadda ke tsaye a bakin taga.

“'Yata, ke gaya mini.”

Matar ta gaya mata. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba: tsagar farko, shawarar bakanike, waldar da ta fasa ƙarfen, sabon injin, masu kura da ranar asibiti. Yara suka sulale ɗaki. Kan bakanike ya ɓace daga katanga. Auta ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon ƙofar gida a buɗe.

Mama ta ce ashe ranar da ta ji ƙas ɗin nan ba sifana ba ce. Ta ce wata biyu kenan tana sa albarka a kan wanke kafireton da babu shi.

“Na binne mai motar,” in ji ta. “Ƙarfe ne za a ce mini ya mutu in kasa ɗauka? Da ka faɗa, da na sa hannu na shafa shi kafin a fitar. Ka mai da ni abin wasa a cikin gidana, a gaban jikokina.”

Ya sauko ya zagayo zai kama ta. Ta ce a'a, 'yarta za ta sauke ta. Ta tafi ɗaki da maɓallin a hannunta.

Ya je wurin masu tsohon ƙarfe a ranar, a ƙafa, don ya kasa hawa motar. Ya bi tsakanin tsibin gwangwani da karyayyun gadaje yana dubawa. Mai wurin ya tuna da injin, ya ce ai an farfasa shi da guduma tun makon da ya zo, babbar mota ta kwashe. Auta ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Mama ya faɗi komai da bakinsa, wannan karon har da dalilin. Ta ce ta yafe masa, kuma ba ta sake ta da zancen ba.

Motar tana aiki lafiya lau, da ita yake kai ƙofofi wa masu gini. Mutane kan tsayar da shi a hanya su yaba aikin, ya amsa a gajarce ya wuce. Mama ba ta sake shiga ba.

Ta rayu shekara shida bayan haka, a gida ɗaya da shi, yana gaishe ta safe da yamma tana amsawa. Amma ba ta ƙara karɓar maganarsa ita kaɗai ba. In ya miƙa mata magani ya ce na safe ne, sai ta riƙe a tafin hannu ta kira matarsa. In ya ce hadari ya haɗo, ko ga baƙo ya zo, ko likita ya ce jinin ya sauka, sai ta juya ta tambayi wanda ke kusa ko haka ne, ko da ƙaramin jikanta ne. Auta yana tsaye ake tabbatar da maganarsa, har ta rasu.