Yis ɗin Malam Mudathir

"Manyan za ki ɗauka, Ni'ima, ban da ƙananan," in ji Malam Mudathir daga kan gado, yana nuna farantin gilashi da yatsa.

Ni'ima, mai tuyar masa da ke katanga ɗaya da shi a Yelwa, ta ƙura ido. Ɗigo-ɗigo ne farare, wasu kamar dawa, wasu ko gero ba su kai ba. Shekara talatin ke nan da Malam ya ɗebi yis ɗin nan, mai sa ƙullu ya tashi, daga ƙullun marigayiya mahaifiyarta, lokacin yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Shi ya yi ritaya, amma bai bar yis ya huta ba, duk wata sai ya sauya masa faranti. Yanzu ciwo ya sa hannu ya ƙi, ya ce ita za ta ci gaba.

"Su ƙananan me suka yi, Baba?"

"Kowace ƙwayar yis tana da ɗan murhu a cikinta, mitokondiriya, mai nasa gadon halitta daban. In gadon ya ɓace, ƙwayar ta daina numfashi, sai ta lallaɓa da sukari, ba ta girma sosai. 'Ya'yanta ma haka, gadon ba ya dawowa." Ya jira tari ya lafa. "Irina ke nan."

Ta yi dariya don kada ta yi kuka, ta yi masa alkawari.

Ranar Talata da hantsi ya rasu. Dangi suka cika gida daga Ƙofar Dumi, ga zafi. Ƙanwarsa ta buɗe firji za ta sa ruwan masu gaisuwa, ta tarar da farantai.

Da Ni'ima ta shigo da masar sadaka, sai ta gan su a kife a tsakar gida, an wanke su tas.

"Hajiya, ina abin da ke ciki?"

"Wannan ƙazantar? Allah Ya jiƙan Yaya, bai iya tsafta ba."

Ni'ima ta ji kamar yau aka binne mahaifiyarta. Ta lalube firjin har lungu, ta samu guda ɗaya da ya tsira. A ɗakinta ta ɗaga shi saitin taga, tana neman babba ko ɗaya. Babu, duk ƙanana ne.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta buɗe murfin a hankali, ta barbaɗa musu sukari da bakin cokali.